Gyaran luf ɗin ganga da kwanturola ana tsakiyar wasa

Wani ɗan'uwa da ke haɗa kiɗa da manhajar Ableton Live ya aiko da tambaya. Yana da luf-luf na ganga, wato gajerun kaɗe-kaɗen nan da ke zagayawa suna maimaita kansu, kuma da su yake wasa a gaban jama'a. Damuwarsa ita ce da zarar ya sake su, haka za su yi ta tafiya babu canji. Yana so ya riƙa cire kik (babbar ganga mai zurfin murya), ya ƙara hayhat (faifan ƙarfe mai tsit-tsit), ya matsar da sineya (ƙaramar ganga mai kaifin murya), ya sa ado a ƙarshen gaɓa (bugu huɗu ke nan), duk daga kan kwanturola, wato na'urar madannai da mamurɗai da ake jonawa da laftof, ba sai ya sunkuya kan laftof yana jan linzami ba. Ta ina zai fara, kuma wace na'ura zai saya?

Ɗan'uwa, ajiye maganar saye tukuna. Fara da duba irin luf ɗin da ke hannunka, don iri biyu ne, kuma ɗaya ne kawai ke gyaruwa yadda kake so.

Idan luf ɗin fayil ne na sauti, irin su WAV, to kik da sineya da hayhat sun riga sun cakuɗe a cikinsa. Kamar furar da aka gama damawa ce, ba ka tsame nonon daga ciki. Idan kuwa kilif ne, wato guntun kiɗa a cikin Live, na MIDI, babu sauti a cikinsa ko kaɗan, umarni ne zalla: buga lamba kaza, a lokaci kaza, da ƙarfi kaza tsakanin 1 da 127. Sautin kansa yana zaune a Drum Rack, wato akwatin gangunan Live, kowace ganga a madanninta. Ita ma kwanturola ba ta fitar da sauti, irin wannan umarnin take aikawa. Saboda haka duk luf ɗin da kake son taɓa cikinsa a dandamali, sai ya zama MIDI tun kana gida.

Hanya biyu ce Live ya ba ka ta mayar da fayil ɗin sauti MIDI. Ka danna kilif ɗin da maɓallin dama na linzami, za ka ga Convert Drums to New MIDI Track. Wannan yana sauraron luf ɗin ya rubuta inda kik da sineya da hayhat suke, ya ɗora su kan wasu gangunan daban. Waɗannan ukun kawai yake ganewa, kuma ainihin sautin luf ɗinka ya tafi, tsarin bugun ne ya rage. Ta biyu ita ce Slice to New MIDI Track, wadda ke yayyanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa, ta sa kowace a madanni guda, ta kuma rubuta kilif da ke buga su a jere. Gaɓa ɗaya, wato bugu huɗu, idan ka yanka ta a 1/16, wato kowane bugu gida huɗu, za ta ba ka gunduwa 16, daidai da madannai 16 da ke ƙarƙashin hannunka. Gaɓa biyu za ta ba ka 32, ke nan sai ka riƙa sauya shafi ana cikin kiɗa, abin da ba ka so. Iyakar Drum Rack gunduwa 128 ce, amma abin da ya wuce 16 ya fi ƙarfin yatsu a gaban jama'a.

Yankan nan yana da illoli uku da ya kamata ka sani kafin ka dogara da shi. Na farko, gunduwa ba ganga ɗaya ba ce. Wadda ke ɗauke da kik tana ɗauke da hayhat ɗin da ya faɗo tare da shi, ka cire ta ka cire su duka. Na biyu, gunduwa ba ta miƙewa idan ka sauya gudun kiɗa. Luf ɗin da aka ɗauka a bugu 100 a minti, kowace 1/16 tasa milisakan 150 ce. Ka rage gudu zuwa 90, gurbin ya zama kusan milisakan 167, sai a samu shiru na kusan 17 bayan kowace gunduwa, kiɗan ya riƙa fita a tsintsinke. Ka ƙara gudu zuwa 120, gurbin ya koma 125, wutsiyar kowace gunduwa ta yanke. Ƙara gudu kaɗan ya fi rage shi sauƙin jurewa a kunne. Na uku, inda wuƙar ta faɗa a tsakiyar sauti za ka ji ƙas-ƙas. Maganinsa ka ɗan buɗe Attack da milisakan 1 ko 2, Release kuma da 5 zuwa 10, a kan mamurɗan da Live ya riga ya shirya wa rak ɗin.

Gangar da aka kaɗa da hannu, musamman mai sauya murya, kada ka yanka ta a 1/16 sam. Kalangu yana hawa yana sauka ne da matse igiyoyin jikinsa bayan an buga, kuma wannan lanƙwasar muryar takan tsallaka gurbi biyu ko uku. Wuƙar da ke faɗawa kowace 1/16 za ta raba ta biyu. Irin wannan ka sa alamomin yankan da hannunka a farkon kowace jimlar kiɗa, ka zaɓi yanka bisa Warp Marker, ka ƙare da gunduwa huɗu ko shida masu ma'ana.

Ra'ayina dai shi ne kik da sineya da hayhat ka gina su da sautuka ɗai-ɗai a Drum Rack, luf ɗin da aka yanka kuma ya zauna a layinsa daban a matsayin ado, ka sare masa ƙasa da filta daga wajen 120 zuwa 150 Hz don kada tsohon kik ɗin cikinsa ya yi karo da naka.

Sai tsarin madannai. Ka zaɓi tsari ɗaya ka riƙe shi a kowace waƙa, domin a wurin wasa hannu ne ke tunawa, ba ido ba. Tsarin General MIDI ya ishe ka: kik a lamba 36, sineya a 38, tafi a 39, rufaffen hayhat a 42, buɗaɗɗe a 46. A kan madannai huɗu-huɗu, kik zai faɗo a kusurwar ƙasa ta hagu, sineya da hayhat biyun kuma su jeru a ginshiƙi na uku, ɗaya bisa ɗaya. Ka sa hayhat biyun a rukunin Choke guda, yadda rufaffen zai katse buɗaɗɗen. Idan ka manta da wannan, duk lokacin da ka ƙara buɗaɗɗen hayhat ana cikin wasa zai yi ta shiii a kan sauran, kiɗan ya jagule.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba sai bayan sun kashe kuɗi. Haɗa maɓalli da hannu, wato ka danna Ctrl da M ka taɓa abu a allo ka murɗa mamurɗi, yana kaiwa ga ƙarar sauti da filta da sakin kilif, amma ba ya kaiwa ga bugun da ke rubuce a cikin kilif. Kafin madanni ya kunna ko ya kashe gurbi na bakwai na hayhat, fitilarsa kuma ta nuna maka halin da yake ciki, sai na'urar tana da rubutaccen shirin da Live ya san shi a jerin Control Surface, ko kuma ka sa wata na'urar Max for Live, wato ƙaramin shirin da ake ƙarawa cikin Live, a tsakani. Push, kwanturolar da kamfanin Ableton ya fara fitarwa a 2013, sannan Push 2 a 2015 da Push 3 a 2023, don wannan aikin aka ƙera ta. APC40 ta Akai gwana ce a sakin kilif da haɗa sauti, amma ba ta rubuta gurabe da kanta. Ƙananan na'urori masu madannai 16 irin MPD za ka buga da su ka ɗora a kan luf, sai dai ba za su nuna maka abin da ke ciki ba, goge bugu ɗaya ma aiki ne. Wanda ke kan manhajar FL Studio kuwa, Akai Fire da ta fito a 2018 ita ce takwarar Push a wajensa, da layi huɗu na madannai 16 da ke bin Channel Rack. Sharaɗin saye ke nan: fitilun na'urar su nuna maka luf ɗin, madannan su ji ƙarfin bugu, mamurɗai su kai takwas.

Zan ci gaba da misali da Push tun da Live kake amfani da shi. A yanayin ganga, madannanta 64 sun kasu uku. Sha shida na ƙasa ta hagu su ne gangunan. Talatin da biyu na sama su ne gurabe, a 1/16 gaɓa biyu ke nan. Sha shida na ƙasa ta dama kuma na zaɓen shafi ne da tsawon luf. Ka taɓa ganga, layukan sama su nuna maka inda take bugawa, ka danna gurbi ka sa bugu, ka sake dannawa ka cire. Ka riƙe gurbi ka murɗa mamurɗan sama, ka sauya ƙarfinsa ko tsawonsa ko ka ɗan gusar da shi gaba ko baya. Delete tare da madannin ganga yana share duk bugunta a cikin luf ɗin gaba ɗaya. Ka lura da kyau, gaba ɗaya, ba na shafin da kake gani kawai ba.

Amma kafin ka kai ga rubutu cikin kilif, ka san cewa gyara mataki-mataki ne, kuma mafi yawan abin da jama'a ke ji a matsayin canji ba ya buƙatar ka taɓa bugu ko ɗaya. Ragewa ta fi ƙarawa tasiri. Ka ɗauke kik na gaɓa huɗu ka dawo da shi, filin rawa zai amsa fiye da yadda zai amsa wa hayhat goma da ka ƙara.

A nan akwai tarko. Sakin kilif yana jiran ma'aunin Global Quantization, wanda Live ke ajiyewa a gaɓa ɗaya, don haka ko ka danna da wuri sai kan gaɓa zai shiga. Mute ba ya jiran komai. Lokacin da ka danna, lokacin zai yanke, kuma a Drum Rack sautin yake yankewa, ba umarnin ba. Idan kik ɗinka doguwar wutsiya gare shi irin na injin ganga TR-808, ka buɗe shi a makare da ɗan kaɗan, kansa ya riga ya wuce, sai gunjin wutsiyar ya faɗo da ƙas a gaba. Ka saba da buɗewa a cikin shirun da ke tsakanin bugu na huɗu da na ɗaya. A gudun 120 tsakanin bugu da bugu milisakan 500 ne, idan kik ya ci 250 kana da tagar 250, wadda ta isa. Inda kuwa kake son dawowar ta faɗi daram ba kuskure, kada ka yi ta da Mute. Ka ware kik a layinsa shi kaɗai, ka tsayar da kilif ɗinsa, ka sake sakinsa, ma'auni ya yi maka aikin.

Mataki na biyu shi ne sauya kilif. Kowane luf ka yi masa 'yan'uwa uku ko huɗu a gida, ka jera su a ƙarƙashinsa: cikakke, marar kik, mai hayhat ninki biyu, da mai ado a bugu na huɗu. Ka kunna Legato a kowannensu, ka sa ma'aunin sakinsu a 1/16 ko 1/8 maimakon gaɓa. Legato yana sa sabon kilif ya ɗauka daga daidai inda tsohon ya kai, ba daga farko ba. Ke nan kana iya tsallakawa cikin mai ado a bugu na uku, ka dawo cikakken a na ɗaya, lissafi bai ɓace ba. Idan ka bar Legato a kashe da ƙaramin ma'auni irin wannan, kilif zai fara daga kansa a tsakiyar gaɓa, kik ɗinka na ɗaya ya koma wurin na uku, kuma haka zai zauna a karkace har sai ka sake sakinsa. Dawowar ma kana iya barin wa Follow Action: bayan gaɓa ɗaya, koma kilif na farko.

Mataki na uku ne rubutu cikin kilif, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a gyara na asali. Ka danna Duplicate tukuna, ka yi ɓarnarka a kan kwafin. A saitin Push akwai zaɓi tsakanin Scene da Clip. A na farko Duplicate yana kwafe duk abin da ke tafiya zuwa sabon jeri, a na biyu kilif ɗin da ka zaɓa kawai. Ka san wanda kake kai kafin ka hau. Dalilin dokar shi ne Undo ba abin dogara ba ne a wurin wasa: yana warware abu na ƙarshe da aka yi a ko'ina cikin aikin, ba a kilif ɗin da kake kallo kawai ba, kuma bayan gyara goma sha biyu ba za ka tuna sau nawa za ka danna ba. Mai kwafi kuwa dannawa ɗaya ce, ya saki na asali ya koma gida. Ka ba na asalin launi guda a kowace waƙa don ido ya same shi a duhu.

Tsawon luf yana da ruwa da tsaki a nan. Bugun da ka sa a gurbin da kiɗa ya riga ya wuce, ba za ka ji shi ba sai zagaye na gaba. A gudun 120 gaɓa ɗaya daƙiƙa 2 ce, gaɓa huɗu daƙiƙa 8. Kuskure ma haka: ka ji shi, ka gyara, ka jira daƙiƙa 8 ka tabbatar. Don haka luf ɗin gyarawa kada ya wuce gaɓa biyu, wanda dama shi ne abin da gurabe 32 ke nunawa a lokaci guda. Idan ya fi haka, shafin yana bin kiɗa yana juyawa da kansa, kana kai yatsa gurbi na biyar na gaɓa ta biyu sai shafi ya juya, bugun ya faɗa gaɓa ta huɗu. Taɓa madannin shafi sau ɗaya yana tsayar da kallon a wurin. Sau biyu da sauri kuwa yana mayar da luf ɗin gaɓar nan kaɗai, abin da ke da amfani idan da niyya ka yi, masifa idan hannu ne ya zame. Bambancin da kake nema a dogon luf, ka same shi ta wata hanya: tun Live 11 na 2021 kowane bugu yana da Chance, ka sa ƙananan bugun hayhat da na sineya a kashi 50 ko 60 cikin 100, gaɓa ɗaya ta riƙa fita daban-daban. Kik da babbar sineya ka bar su a 100.

Idan ka fi son bugawa da yatsu a ɗora a kan luf, sai ka kunna Record Quantization a 1/16, ka kuma san lissafinsa. Yana tura bugunka ne zuwa gurbi mafi kusa. A gudun 120 gurbi milisakan 125 ne, ke nan kana da sararin kusan 62 gaba da baya. Ka wuce haka, bugun ya tafi gurbin maƙwabci. Sararin kamar da yawa, amma ga masu cinsa. Bafa, wato inda sauti ke taruwa a kwamfuta kafin ya fita, ta 512 a 44.1 kHz tana cin milisakan 11.6 a fita kaɗai, ta 128 kuwa kusan 3. Limita, wato mai hana ƙara wuce iyaka, mai leƙen gaba a kan babban layi tana ƙara nata. Sauti a iska yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka idan da manyan lasifikan da ke mita 10 daga gare ka kake auna kiɗa, ka riga ka makara da kusan 29 kafin ka ɗaga yatsa. Hedifon na Bluetooth kuwa jinkirinsa yakan haura 100, ba ya cikin lissafi ma. Ka sa bafa a 128, ko 256 idan kwamfutar na kakarewa, ka yi amfani da direban ASIO na katin sautinka idan Windows ce, ka saurara ta hedifon mai waya ko ƙaramar lasifika a gefenka.

Kuma ka kashe rikodin da zarar ka gama ɗorawa. Idan Session Record na kunne tare da Automation Arm, duk mamurɗin da ka taɓa ana rubuta motsinsa cikin kilif. Ka rufe filta sau ɗaya, sai ta riƙa rufe kanta a kowane zagaye, kai kuma kana neman aljanin da ke taɓa maka kaya. A wurin wasa Automation Arm ya zauna a kashe.

Rangajin kiɗa ma yakan kawo rikici. A lissafin da aka gada daga injin ganga MPC60 na 1988, kashi 50 miƙaƙƙen kiɗa ne, 66 kuma ya koma tafiyar uku-uku. A gudun 120, rangaji na 58 yana jinkirta kowace 1/16 ta biyu da milisakan 20. Idan luf ɗin da ka yanka yana da irin wannan rangajin a jikinsa, kai kuma ka ƙara hayhat a miƙaƙƙen gurbi, su biyun za su faɗo kusa da juna ba tare ba, kunne ya ji tarat maimakon tat. Ka yi Extract Groove daga ainihin luf ɗin, ka ɗora wannan rangajin a kan duk kilif-kilif na waƙar, kada ka danna Commit. Muddin ba ka danna ba, duk sabon bugun da ka sa zai bi rangajin da kansa. Kiɗan da ke tafiya uku-uku kuwa, kamar kaɗe-kaɗen rawa da yawa na Afirka ta Yamma, gurabe 12 yake so a gaɓa, ba 16 ba. A Push ka zaɓi 1/8t, layi zai koma madannai shida, biyun ƙarshe su mutu. A injin ganga mai jerin 16 irin wanda TR-808 ta kafa tun 1980, sai ka sa gurbin ƙarshe a 12 ka daidaita ma'aunin.

Mamurɗai takwas sun isa, idan kowanne aikinsa ɗaya ne a duk waƙoƙin. Ka tara su a Macro, ka kuma taƙaita iyakarsu. Saƙon MIDI na mamurɗi mataki 128 ne kacal. Ka shimfiɗa su daga 20 Hz zuwa 20 kHz, yawancin murɗawar ta tafi a inda ba ka buƙata, kuma hannu ɗaya da ya zarce zai shafe kiɗan. Filtar sare ƙasa ta tsaya a wajen 400 Hz, tsawon wutsiyar hayhat kada ya kai sifili, amsa-kuwwa kada ta kai inda za ta ci kanta. Mamurɗan Push ba su da farko ko ƙarshe, don haka ba sa tsalle. Na ƙananan na'urori masu tsayayyen wuri suna yi: mamurɗi na kan 100, waƙar da ka shiga tana kan 20, kana taɓawa ta daka tsalle. Ka sa Takeover Mode a Value Scaling. Pickup ma yana hana tsallen, sai dai mamurɗin yakan zama kamar matacce har sai ka kai shi inda darajar take, kuma a cikin hayaniya za ka ɗauka waya ce ta cire.

Beat Repeat, wanda ke maimaita guntun sauti a cikin Live, shi ne ado mafi arha. Ka sa Chance a sifili don kada ya tashi da kansa, Grid a 1/16 ko 1/8, yanayinsa a Insert, ka haɗa maɓallin Repeat da madanni. Insert yana kashe ainihin sautin yayin maimaitawa, Mix kuwa yana tara su biyun, ƙara ta yi sama ba shiri. Madannin ya zama mai aika CC, wato saƙon MIDI irin na mamurɗi, 127 idan an danna, sifili idan an saki, don ya yi aiki muddin kana riƙe da shi kawai. Idan da lambar bugu ka haɗa shi, dannawa ɗaya kunnawa ce, sai ka sake dannawa ya mutu, kuma wata rana za ka manta. Ka ɗora shi a kan rukunin da babu kik. Ka tuna kuma duk saƙon da ka haɗa da wani maɓalli, Live yana cire shi daga abin da ke isa layin ganga. Wanda ya haɗa lamba 36 ta tashar MIDI ta 1 da wani abu, kik ɗinsa na wannan tashar ya yi shiru. Ganguna a tasha ta 10, maɓallan sarrafawa a ta 16, rigima ta ƙare.

Akwai masu barin laftof su yi gyaran a injin ganga, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. A Digitakt ta Elektron, wadda ta fito a 2017, Mute umarni yake tarewa, don haka wutsiyar sauti tana ƙarasawa. FUNC da YES yana ajiye tsarin na wucin gadi, FUNC da NO ya dawo da shi bayan ka yamutsa shi, wato dokar kwafin nan an gina ta cikin injin. Kana iya sa wa bugu sharaɗi, ya fito sau ɗaya a zagaye biyu, ko sai an riƙe maɓallin ado. Idan za ka haɗa irin wannan da Live, agogo ɗaya ne zai yi shugabanci. Agogon MIDI saƙo 24 yake aikawa a kowane bugu na kiɗa, ta waya mai ɗaukar bit 31,250 a daƙiƙa, inda saƙon bugu guda ke cin kusan milisakan 1. Kada ka cusa motsin mamurɗai da yawa a wayar da ke ɗauke da agogon. Ka sa kik na injin da na Live su buga tare, ka murɗa MIDI Clock Sync Delay har su zama ɗaya a kunne, kuma ka sake yin haka duk lokacin da ka sauya bafa.

Wuta da waya su ne sauran. Push 2 tana aiki da USB kaɗai amma fitilunta suna dusashewa, a wasan rana ba za ka ga gurabe ba sai da cajarta. Inda ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, laftof za ta tsira da batirinta, amma duk abin da ke jone da bango zai mutu ya farfaɗo, kuma katin sauti da ya ɓace ba lallai Live ya kama shi da kansa ba. Ƙaramar UPS, wato batirin ajiyar wuta, ta isa kwanturola da katin sauti da mahaɗar USB. Ka hana Windows kashe ƙofofin USB don tanadin wuta, ka naɗe wayar a ƙafar tebur ka manne ta da tef. Idan ka ji gunji a lasifika da ke ɓacewa in ka zare cajar laftof, akwatin DI mai maɓallin ɗage ƙasa ne maganinsa.

Gwajin da zai nuna maka ko shirin ya yi: ka rufe allon laftof da ƙyalle, ka kunna rikodin babban layi, ka yi wasa na minti 20 a tsaye, da ƙarar da ta kusa ta wurin wasa. Duk inda ka ɗaga ƙyallen, akwai abin da bai samu madanni ba tukuna. Sannan ka saurari rikodin kana ƙirga gaɓa. Canjin da ya faɗo a kan gaɓa ta 8 ko ta 16 zai zauna daidai, wanda ya faɗo a ta 7 ko ta 11 kuma za ka ji shi kamar tuntuɓe ko da bugun kansa bai kauce ba. Waɗannan wuraren ka mayar da su sakin kilif mai jiran ma'auni, ka bar wa yatsu hayhat da ƙananan bugun sineya.